Yadda Ake Yin Digiri na Biyu a Fannin Aikin 'Yan Sanda, Bayanan Sirri da Yaƙi da Ta'addanci: Jagora ga Ɗan Zamfara

Duk lokacin da jami'o'i suka fara sayar da fom na karatun gaba da digiri, matasa da jami'an tsaro sukan same ni nan Gusau da tambaya iri ɗaya: a ina ake karanta harkar tsaro, kuma ta wace ƙofa ake shiga? Na daɗe ina zama da irin waɗannan 'yan'uwa, tun daga cike fom har ranar kare kundi, wato rubutun binciken da ake kammala karatu da shi, shi ya sa na ga ya kamata in tattara hanyar wuri guda.

Ka sani tun yanzu, ɗan'uwa, a wannan karatu ba a koyar da harbi, ba a kuma mai da mutum ɗan leƙen asiri. Karatu ne da rubutu da bin diddigin magana har a gano tushenta. Ina matuƙar son 'ya'yan jihar nan su shige shi, domin da yawa daga abin da ake rubutawa a kan bala'in 'yan bindiga da ya same mu yana fitowa ne daga hannun waɗanda ba su taɓa kwana a Ɗansadau ko Zurmi ba. Kai kana da harshen, ka san mutanen, ka san hanyoyin. Abin da ya rage maka shi ne ƙa'idar bincike, da sanin yadda za ka yi shi ba ka jefa kanka ko wani cikin halaka ba.

Kayan da za ka tanada

Takardu tukuna. Kana buƙatar sakamakon sakandare mai kiredit biyar, har da Turanci, kuma jami'o'i da yawa suna neman lissafi. Sai takardar digirin farko ko ta babbar difloma, da takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, da takardar haihuwa, da ta shaidar ƙaramar hukuma, da lambar NIN. Sai mutum biyu ko uku da za su rubuta maka wasiƙar shaida, aƙalla ɗaya ya kasance malamin da ya koyar da kai a jami'a.

Jera takardun nan a kan tabarma ka karanta sunanka a kowace, harafi bayan harafi. A wata an rubuta Muhammad, a wata Mohammed. A wata an ƙara Ƙaura ko Mafara a ƙarshe, a wata babu. Wannan ɗan bambanci yana tsayar da mutum ranar tantancewa. Je kotu ka yi takardar rantsuwa tun kafin a buɗe fom.

Wadda ta fi kowace cin lokaci ita ce takardar makin darussa, wato tiranskirif, domin tsohuwar jami'arka ce za ta aika ta kai tsaye zuwa sabuwar. Nemi ta da watanni kafin ka buƙace ta, ka riƙe rasidin, ka riƙa bibiya.

Sai kayan aiki: kwamfutar tafi-da-gidanka, ko da ta hannu ce, fawa-bank ko ɗan ƙaramin sola, adireshin imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya, littafin rubutu mai kauri. Saka manhajar Zotero, kyauta ce, ita za ta riƙe maka sunayen duk abin da ka karanta. Idan kwamfuta ba ta samu ba a zangon farko, waya da shagon buga takardu za su iya riƙe ka, amma kundi ba ya rubutuwa a waya. Fara adashi dominta tun yau.

1. Zaɓi ɗaya daga cikin fannonin uku

Ana haɗa su a suna, amma kowanne da inda ya dosa. Nazarin aikin 'yan sanda yana duba yadda ake hana laifi, yadda ake bincike, da alaƙar jami'i da jama'a. Nazarin bayanan sirri yana duba yadda labari ke zama abin da shugaba zai yanke hukunci a kansa. Nazarin ta'addanci kuwa yana tambayar me ke jan mutum cikin ƙungiyar tashin hankali, ina take samun kuɗi da makamai, kuma me ke kawo ƙarshenta.

Galibin masu zuwa wurina na ukun suke so, don sunansa ya fi amo. Ni kuwa a ganina na farkon ne muka fi buƙata a Zamfara. Kafin garuruwa su fara tashi, satar shanu ce aka kai ƙara ba a samu biyan buƙata ba, rigimar burtali da gona ce aka yanke bisa son kai, har mutane suka ɗauki doka a hannunsu, 'yan sa-kai suka fito, ramuwa ta biyo ramuwa. Wanda ya fahimci dalilin da ya sa manomi ko makiyayi ya daina zuwa caji ofis ya kama bakin zaren. Wannan ra'ayina ne, ba dole ba ne ka bi shi, amma ka auna shi kafin ka cike fom.

Kada ka damu idan digirinka na farko ba na tsaro ba ne. Masu nazarin zamantakewa, kimiyyar siyasa, tarihi, shari'a da nazarin halayyar ɗan Adam suna shiga kai tsaye a wurare da yawa. Mai labarin ƙasa ko kimiyyar kwamfuta yana da abin da sauran ba su da shi, wato taswira da sarrafa alƙaluma, sai dai ana iya buƙatar ya fara yin difloma ta gaba da digiri.

2. Gane irin takardar da kake nema

Nan ne mutane suka fi yin asara. Iri uku ne. Akwai difloma ta gaba da digiri, PGD, mai kamar shekara guda, wadda aka tanada don mai babbar difloma, ko mai digiri mataki na uku, ko wanda ya sauya fanni. Akwai mastas ta ƙwarewar aiki, wadda akan yi a ƙarshen mako, darussa da ɗan gajeren rubutu, ta dace da ma'aikaci. Sai mastas ta bincike, MSc, wadda ke neman aƙalla 2:2, wato digiri mataki na biyu na ƙasa, tana cin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma a ƙarshenta akwai cikakken kundi.

Gargaɗi: a yawancin jami'o'inmu mastas ta ƙwarewar aiki ba ta kai mutum digirin digirgir, wato PhD, ba kuma a ɗaukar malamin jami'a da ita. Na ga waɗanda suka kashe kuɗi da shekara biyu, sai da suka je neman PhD aka ce su koma su yi MSc. Idan burinka ƙarin girma ne a wurin aiki, ta ƙwarewa ta wadatar. Idan kana hangen koyarwa ko bincike, ɗauki doguwar hanya tun farko. In ka yi shakka, tambayi ofishin makarantar gaba da digiri a rubuce: shin wannan takarda tana kai wa ga PhD a nan?

3. Zaɓi makaranta

Fara da na kusa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da mastas a fannin tabbatar da doka da shari'ar manyan laifuka a sashen nazarin zamantakewa. Jami'ar Bayero ta Kano tana da ta kula da laifuka da hana su. Makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA a Kaduna, wadda aka kafa a 1964, tana da makarantar gaba da digiri da ke karɓar farar hula, kuma mutane da yawa ba su san haka ba. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato tana da malaman tarihi da zamantakewa da suka yi shekaru suna bin rikicin yankin nan. Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na sashen tarihi ya gabatar da sakamakon bincikensa na shekara goma a kan 'yan bindigar Zamfara a 2021. A kudu, Jami'ar Ibadan tana da cibiyar nazarin zaman lafiya da dabarun tsaro. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, tana bakin ƙofarmu, don haka duba sanarwarta ta shekarar ka ga ko akwai abin da ya yi daidai da kai.

Wanda aiki ya ɗaure, ko wanda yawan bin hanyar Tsafe zuwa Funtuwa zai yi wa nauyi, ya duba jami'ar karatu daga gida, NOUN, wadda ke koyar da nazarin laifuka da tsaro, da kuma sasanta rikici. Tana da sauƙin kuɗi da na tafiya, amma babu mai tsare ka ka yi karatu. Sai ka tsare kanka.

Akwai wasu manyan sunaye da ba a shiga da fom: Cibiyar Nazarin Tsaro ta Ƙasa da ke Abuja ƙarƙashin DSS, da Kwalejin Tsaro ta Ƙasa, da cibiyar nazarin manufofi da dabaru ta ƙasa, NIPSS, da ke Kuru. Hukumomi ne ke tura manyan jami'ansu. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka gurbi a can, damfara ce.

A waje, kwalejin King's da ke Landan tana da sashen nazarin yaƙi mai mastas a bayanan sirri da kuma ta'addanci. Jami'ar St Andrews a Sikotlan tana da cibiyar nazarin ta'addanci tun 1994, har da karatu ta intanet. Jami'ar Macquarie da ke Sidni a Ostireliya ta daɗe tana koyar da fannonin nan uku a sashe guda. Kusa da gida akwai cibiyar Kofi Annan a Akara, ƙasar Gana. Na waje suna da ɗakunan karatu da ba mu da irinsu, amma misalan ajinsu sun fi karkata ga Turai da Gabas ta Tsakiya, don haka kai ne za ka kai musu Zamfara.

Ko ina ka zaɓa, kada ka tsaya a sunan jami'a. Nemi sunayen malaman sashen, ka buga su a Google Scholar, ka ga abin da suka rubuta a shekarun nan. Sashen da babu malami ko ɗaya mai sha'awar batunka zai bar ka kana yawo da kundi a hammata. Sannan ka nemi ɗalibin da ke ciki ka tambaye shi abu guda: waɗanda suka gabace ku shekara nawa suka yi kafin su fita?

4. Cike fom da neman izinin wurin aiki

Daga shafin jami'ar kaɗai za ka cike, kuma jami'o'in tarayya ta Remita ake biyansu. Kada ka tura kuɗi asusun wani mutum. Idan a shagon intanet aka cike maka, zauna kusa da yaron ka karanta kowane layi kafin ya danna, kuma lambar wayarka da imel ɗinka za a sa, ba nasa ba. Wasu jami'o'in suna yin jarrabawar tantancewa ko ganawa, sai ka sake bitar darussan hanyoyin bincike na digirin farko.

Jami'in da ke bakin aiki, ɗan sanda ne, soja, Sibil Difens ko ma'aikacin gwamnati, ya nemi izinin karatu a rubuce ta hannun shugabanninsa kafin ya yi rajista. Wanda ya yi karatu a ɓoye yana iya gamawa hukuma ta ƙi sa takardar a fayil ɗinsa, ko a yi masa canjin wurin aiki ana tsakiyar zango ba shi da abin kafa hujja.

Ga matashin da bai fara aiki ba: digiri na biyu ba takardar ɗaukar aiki ba ce. Hukumomin tsaro da digirin farko suke ɗaukar ƙananan hafsoshi, kuma suna da iyakar shekaru. Idan an buɗe ɗauka kana cikin shekarun, nema za ka yi, karatu ya biyo baya.

5. Kuɗi

Lissafa kuɗin makaranta, mota, masauki, data, buga takardu da fita bincike, sannan ka ƙara zango guda a kai. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata takwas ya yi, kuma haya ba ta tsaya ba.

Mai son Birtaniya ya duba tallafin Chevening, wanda akan buɗe a watan Agusta. Yana biyan mastas ta shekara guda, yana neman aikin shekara biyu, wato sa'o'i 2,800, da alƙawarin dawowa gida na shekara biyu bayan gamawa. Tallafin ƙasashen renon Ingila kuwa ta Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya ake bi. Malamin babbar makarantar gwamnati ya nemi na asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, ta makarantarsa. Wasu jami'o'in suna karɓar Turancin WAEC, wasu sai jarrabawar gwajin Turanci ta IELTS. Magidanci ya lura, tun Janairu 2024 ɗalibin mastas ta darussan aji, ba ta bincike zalla ba, mai biya wa kansa ba ya tafiya Birtaniya da iyali.

A rubutun neman tallafi kada ka cika shafi da kukan cewa jiharka na cikin masifa. Masu karantawa sun sani. Faɗi abu ɗaya da ka yi da hannunka, da abu ɗaya da za ka yi in ka dawo.

6. Abin da za ka karanta kafin a shiga aji

Fara da dokoki, domin komai a kansu yake tsaye. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999, wanda ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasa, shi ne tushen muhawarar 'yan sandan jihohi. Dokar 'yan sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin tsohuwar da aka gada tun 1943. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, da ta hana azabtarwa ta 2017. Dokar 1986 da ta rusa tsohuwar hukumar tsaro ta NSO ta kafa hukumomin bayanan sirri uku: SSS (wato DSS) ta cikin gida, NIA ta ƙasashen waje, da DIA ta soja. Sai dokar hana ta'addanci ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 2011 da gyaranta na 2013, ta kuma ba Cibiyar Yaƙi da Ta'addanci ta Ƙasa gindin zama a ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Karanta su da kanka, kada ka dogara da taƙaitawar wani.

Ra'i kuwa, biyu sun ishe ka farawa. Na farko na Cohen da Felson ne, 1979: laifi yana faruwa idan abu uku suka haɗu, mai niyyar yi, abin da za a iya ɗauka, da rashin mai tsaro. Ɗora shi a kan hanyar kasuwar mako da la'asar, lokacin da motoci ke dawowa da cinikin shanu, za ka ga yadda yake aiki. Na biyu shi ne zagayen bayanan sirri: a san abin da ake buƙata, a tattaro, a tace, a yi nazari, a miƙa ga mai yanke hukunci a kan lokaci. Sau da yawa za ka ji mutanen gari suna cewa sun kai rahoto tun da rana an ga babura suna taruwa. Aikinka na ɗalibi shi ne ka gano a wace gaɓa labarin ya maƙale.

Kada ka raina tarihi. Kafin rundunar 'yan sanda ta ƙasa ta haɗiye su a ƙarshen shekarun 1960, dogarai da 'yan doka na En'e ne ke tsaron ƙasar nan, kuma dagaci ya san duk baƙon da ya kwana a garinsa. Takardun wancan zamani suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, da hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

7. Tsayar da batun bincike

Kusan kowa da “Ta'addanci da ci gaban Najeriya” yake fara zuwa. Wannan ba ya bincikuwa. Batu mai kyau yana da wuri, da lokaci, da tambaya ɗaya da za a iya amsawa da abin da hannunka zai kai.

Ga yadda ake matse shi. A Satumba 2021 an rufe layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka. Ɗauki rufe layin kaɗai. Ɗauki ƙaramar hukuma ɗaya, a ce Bunguɗu. Tambayi abu ɗaya: a watannin da babu waya, ta yaya mutane suka riƙa kai rahoton hari ga jami'an tsaro, kuma me ya canza? Wannan kundi ne da zai gamu cikin shekara, kuma in gobe wata gwamnati ta yi tunanin sake rufewa, akwai abin da za a nuna mata.

Irin waɗannan suna nan jibge ba a taɓa ba. Me ya biyo bayan hana haƙar ma'adinai na Afrilu 2019 a yankin Anka? Wane ɓangare na sulhun da aka yi da 'yan bindiga a 2019 ya riƙe, wane ya warware, kuma me aka aiwatar daga rahoton kwamitin tsohon sufeto janar na 'yan sanda M.D. Abubakar na shekarar? Yaya askarawan tsaro da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a Janairu 2024 suke aiki da 'yan sanda a gari guda? Yaya iyayen Jangebe suka koma kallon makarantar kwana bayan sace ɗalibai 279 a Fabrairu 2021? Ɗan Kabi yana da nasa: sace ɗaliban Birnin Yawuri a Yuni 2021, da ɓullar 'yan ƙungiyar Lakurawa masu ɗauke da makamai a bakin iyaka, waɗanda hedikwatar tsaro ta sanar da su a Nuwamba 2024.

Za a tambaye ka: 'yan bindiga 'yan ta'adda ne? A doka, babbar kotun tarayya ta Abuja ta ayyana su haka a Nuwamba 2021, aka buga a jaridar gwamnati a Janairu 2022. A ilimi kuwa masana suna ta ja-in-ja, domin ma'anar ta'addanci ta saba haɗawa da manufar siyasa ko aƙida. Kawo duka biyun, ka faɗi ma'anar da ka ɗauka da dalilinka, ka tsaya a kanta har shafin ƙarshe.

8. Fita neman bayanai

A nan nake so ka fi natsuwa, domin kuskuren sauran matakai kuɗi ko lokaci yake ci, na wannan kuwa rai.

Kada ka shiga daji. Kada ka nemi ganawa da ɗan bindiga, ko ta waya, ko ta hannun wanda ya ce ya san hanya. Ban da haɗarin a riƙe ka a nemi fansa, dokar 2022 ta tanadi hukunci mai tsanani kan taro da ƙungiyar da aka haramta, da taimaka mata, da ɓoye bayani a kanta. Mastas ba ta buƙatar wannan. 'Yan gudun hijira suna nan cikin Gusau da Anka da sauran manyan garuruwa. Akwai direbobin tasha, dillalan kara, arɗaɗɗa, limamai, ma'aikatan asibiti, da jami'an da suka yi ritaya, waɗanda sun fi na bakin aiki sakin baki.

Kafin ka tambayi kowa komai, karɓi takardar gabatarwa daga sashenku da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. Kai kwafi ga hukumar da abin ya shafa, sannan ka bi ta fada: hakimi, dagaci, mai unguwa. Da ɗan gari akan ci gari. A wurin da kalmar infoma ke iya sa a kashe mutum kafin a bincika, baƙon da ke yawo da littafi yana tambayar ta ina 'yan bindiga suke shigowa ya sa kansa a bakin mutuwa.

Ka lura da waya. Za ka zauna a zaure da dattijo, an kawo ruwa, hira ta yi daɗi, yana ba ka labarin shekarar da 'yan bindiga suka fara sa musu harajin noma. Da ka zaro waya ka ajiye a kan tabarma, sai ka ga ya dubi ƙofa, ya gyara hula, ya ce ai komai ya yi sauƙi yanzu, Allah dai ya kyauta. Hira ta ƙare ke nan. Saboda haka nemi izini tun farko: “Baba, in ɗauki murya ko in rubuta da hannu?” In ya yi jim, mayar da wayar aljihu. Rubuta kaɗan a gabansa, ka cike sauran da zarar ka koma masauki, kafin ka yi barci.

Kada ka rubuta sunan kowa a littafin. Ba kowane mutum lamba, takardar da ta haɗa lamba da suna ta zauna a gida cikin akwati. Littafi yana iya faɗawa hannun wani a shingen bincike ko a hanya. A kundin ma kada ka ce “dagacin gari kaza”, domin dagacin ɗaya ne, ka faɗi sunansa ke nan. Ce “wani mai sarauta a yammacin jihar”. Kada ka tura murya ko hoton kowa a WhatsApp, ko ga abokin karatu.

Ji daga kowane ɓangare. Kundin da ya ji Hausawa manoma kaɗai, ko Fulani makiyaya kaɗai, ko jami'ai kaɗai, rabin magana ya kawo. In ba ka jin Fulfulde, nemi tafinta wanda mutanen suka yarda da shi, ba wanda kai ka yarda da shi ba.

Matan da aka sace aka sako, ko aka kashe mazajensu, ba za su buɗe ciki ga namiji baƙo ba, bai ma kamata ka matsa ba. 'Yar'uwa mai wannan karatu tana da ƙofar da mu ba mu da ita, shi ya sa nake roƙon iyaye da mazaje su bar mata su shigo fannin. In kai namiji ne, ɗauki mataimakiya ka koya mata tambayoyin. Wadda ta fara kuka, a dakata, kada a ce ta ƙarasa. Yara kuwa a bar su gaba ɗaya.

Jami'in tsaro yana da ƙarin nauyi biyu. Kada ya je hira da kaki, kuma ya faɗi gaskiyar aikinsa, kada ya ɓoye. Sannan fayil ɗin ofis ba kayan kundi ba ne. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan da ranta. Abin da kake so daga hukuma, nema a rubuce, kana iya kafa hujja da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, in an hana ka rubuta cewa an hana.

Tafiya da rana, ka dawo kafin la'asar, wani a gida ya san inda kake. In gari ya rikice ana gobe za ka tafi, fasa. Yi hirar ta waya da wanda ka riga ka sani, ko ka tari mutanen garin ranar da suka shigo birni.

9. Tantance alƙaluma da rubutu

A ce an kai hari. Wata jarida ta ba da adadi, sanarwar 'yan sanda ta ba da wanda bai kai shi ba, mutumin garin ya ba ka na waɗanda aka yi wa sallah. Kada ka ɗauki mafi yawa don ya fi girgiza mai karatu, kada kuma ka ɗauki na hukuma don ya fi sauƙin karewa. Kawo su duka, ka faɗi inda kowanne ya fito. Rumbun ACLED da na Nigeria Watch suna tara rahotannin tashin hankali, kuma ɗalibi yana iya amfani da su, amma ka tuna sun fi dogara da abin da aka buga. Ƙauyen da ba waya ba ɗan jarida yana iya ƙonewa bai shiga lissafi ba. Rubuta wannan giɓi a babin hanyoyin bincike.

Hirar da aka yi da Hausa, rubuta ta da Hausa tukuna, sannan ka fassara, ka ajiye asalin. Excel ya isa yawancin lissafi, QGIS kyauta ce in kana son taswira, amma kada taswirarka ta nuna wurin da jami'ai suke kwana ko gidan wanda ya yi magana da kai.

Kada ka sayi kundi, kada ka kwafa. Jami'o'i suna sa rubutu a manhajar gano satar fasaha, kuma tambaya biyu a zauren karewa sun isa su tona wanda bai je ko'ina ba. Kai wa malaminka babi ɗaya-ɗaya, ka rubuta gyaran da ya faɗa a gabansa, ka dawo da shi cikin mako biyu. Ɗalibin da ya ɓace wata shida shi ake mantawa.

10. Karewa da abin da ke biye

Za ka kare tsarin binciken tun farko, sannan karewar cikin gida, sannan ta gaban mai jarrabawa daga wata jami'a. Shirya amsar tambaya uku: me ya sa wannan wuri, ta yaya ka zaɓi mutanen da ka ji, kuma me ka gano wanda ba a sani ba. In an nemi sunan wanda ya faɗa maka wata magana, ce ka yi alƙawarin sakaya shi. Malamin kirki zai ƙara maka maki a kan haka. Yi gyaran da aka ba ka cikin wa'adi, domin akwai waɗanda suka kare lafiya amma takardarsu ta yi shekara saboda gyaran shafi goma.

Bayan an sa hannu, matse sakamakon cikin shafi biyu, ɗaya da Turanci ɗaya da Hausa, shawarwari uku ko huɗu da za a iya aiwatarwa. Kai na Turancin ga hukumomin da suka ba ka izini, na Hausan ga masarautar da ta karɓe ka, bayan ka sake dubawa ka tabbata babu layin da zai nuna wani. Sannan ka bi ƙa'idar jami'arku kan tsawon lokacin ajiye bayanai, in ya cika ka goge muryoyin daga waya da kwamfuta, ka ƙone takardar da ta haɗa lambobi da sunaye.